Matan Kwana-kwana na Birnin New York: Tarihin Shigarsu Aikin Kashe Gobara

A watan Satumba na shekarar 1982, mata 41 suka shiga makarantar horar da 'yan kwana-kwana ta birnin New York a ƙasar Amurka, wadda take kan tsibirin Randall. A lokacin, hukumar kashe gobara ta birnin ta shekara 117 tana ɗaukar ma'aikata da albashi, kuma a duk tsawon wannan zamani ba ta taɓa ɗaukar mace ko ɗaya ta riƙe mesa ko ta hau tsani ba. Umarnin kotu ne ya kai waɗannan mata bakin ƙofar makarantar, bayan shari'ar da aka shafe shekara uku ana tafkawa. Tarihinsu ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a cikinsa ake ganin abin da doka take iya yi wa wanda aka tauye wa haƙƙi, ake kuma ganin inda ƙarfin doka yake ƙarewa, sauran aikin ya koma hannun mutane.

Daga zamanin 'yan sa-kai zuwa zamanin albashi

A farkon ƙarni na 19, 'yan sa-kai ne suke kashe gobara a New York, unguwa-unguwa. Kowace ƙungiya tana da famfonta mai taya, wanda ake ja da igiya zuwa wurin gobara, a riƙa danna shi da hannu ruwa na fita. A wannan zamani ne sunan mace ya fara bayyana a aikin. Labarin da tsofaffin 'yan kwana-kwana suka riƙa bayarwa ya ce sunanta Molly Williams, baƙar fata, baiwar wani attajiri mai suna Benjamin Aymar, wanda yake cikin ƙungiyar Oceanus mai lamba 11. Ita ce take dafa wa 'yan ƙungiyar abinci. A hunturun 1818 dusar ƙanƙara ta toshe tituna, mura mai tsanani ta kwantar da maza da yawa, sai ga gobara ta tashi. Molly ta kama igiya tare da 'yan tsirarun da suka iya fitowa, suka ja famfon cikin ƙanƙara. Ita ake ɗauka a matsayin mace ta farko da aka sani ta yi wannan aiki a Amurka. A lokacin bauta ba ta ƙare ba a jihar New York. Sai a 1827 aka kammala soke ta.

A 1865 aka rushe tsarin sa-kai a tsakiyar birnin, aka kafa hukuma mai biyan albashi, da dawakai masu jan injinan tururi. Da aikin ya zama hanyar cin abinci, mai albashi da fansho, sai aka fara tantance wanda zai shiga, kuma mace ba ta cikin lissafi. Sannu a hankali ya zama sana'ar gado a gidajen waɗanda suka yi ƙaura daga Ireland, daga baya da na Jamus da Italiya. Uba ya yi, ɗa ya gaje shi, jika ya biyo baya. Baƙaƙen fata maza ma da ƙyar suka samu shiga. Wesley Williams, wanda aka ɗauka a 1919, ya sha wariya a tasharsa, duk da haka ya kai muƙamin shugaban bataliya a 1938, kuma a 1940 ya jagoranci kafa ƙungiyar Vulcan ta baƙaƙen fata 'yan kwana-kwana.

Wata gobara da ta girgiza birnin a farkon ƙarni na 20 mata ta fi ci. Ranar 25 ga Maris 1911 wuta ta kama a masana'antar ɗinkin rigunan mata ta Triangle, a hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani dogon bene. Wata ƙofar fita a kulle take, tsanin motocin kwana-kwana kuma bai wuce hawa na 6 ba. Mutum 146 suka rasu, 123 daga cikinsu mata ne, yawancinsu 'yan mata Yahudawa da 'yan Italiya waɗanda ba su daɗe da zuwa ƙasar ba. A wannan shekara aka kafa sashen rigakafin gobara a cikin hukumar, aka kuma shiga tsaurara dokokin masana'antu. An gyara dokoki saboda mutuwar mata, amma maganar mace ta shiga sahun masu ceto ba ta taso ba.

A wata ƙasar, yaƙi ya nuna cewa mata na iya aikin idan buƙata ta matsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus suke ruwan bama-bamai a kan Landan, dubun dubatan mata sun shiga hukumar kashe gobara ta Birtaniya, suna tuƙa motoci, suna kai saƙo a kan babur, suna riƙe ɗakunan karɓar kira. Wata budurwa mai suna Gillian Tanner ta samu lambar yabo ta George saboda tuƙa motar man fetur zuwa wuraren gobara a tsakiyar harin bam a 1940. Da yaƙi ya ƙare, aka sallami mafi yawansu, aikin ya koma yadda yake a da.

Doka ta canza

A Amurka, abubuwa uku ne suka share hanya. Na farko, Dokar Haƙƙin Ɗan Ƙasa ta 1964, wadda ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata, addini, asali ko jinsi. Na biyu, hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 a shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power. Kotun ta ce idan jarrabawar ɗaukar aiki tana zubar da wani rukunin jama'a fiye da kima, wajibi ne mai ɗaukar aikin ya nuna cewa jarrabawar tana auna abin da aikin yake buƙata, ko da bai yi nufin cutar da kowa ba. Na uku, gyaran da majalisa ta yi a 1972, wanda ya sa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi da na birane. Daga nan hukumomin kashe gobara suka shiga ƙarƙashinta.

Ba da jimawa ba aka fara ganin tasiri. A 1974 gundumar Arlington ta jihar Virginia ta ɗauki Judith Livers, wadda ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta riƙi kashe gobara zalla a matsayin sana'a mai albashi a ƙasar. Ta yi shekara 25 a aikin, ta yi ritaya da muƙamin shugabar bataliya.

New York kuwa tana cikin mawuyacin hali. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 gobara ta yi yawa a unguwannin talakawa, musamman kudancin Bronx, inda gidaje suka riƙa ƙonewa layi-layi. A 1975 baitulmalin birnin ya kusa durƙushewa, aka sallami ɗaruruwan 'yan kwana-kwana, aka rufe wasu tashoshi. Mutanen da suka rage sun gaji, sun binne abokan aiki, suna kuma ganin kowace kujera da ta buɗe a matsayin ta ɗan wani ko ƙanen wani. Cikin wannan yanayi aka ce mata ma su zo su nema.

Jarrabawar 1977

A watan Disamba na 1977 aka yi rubutacciyar jarrabawa, karo na farko da aka bar mata suka zauna. Maza sama da 24,000 suka rubuta, mata sama da 400, kuma kusan duk matan sun ci. Saura gwajin ƙarfi, wanda aka yi a 1978. A cikinsa akwai saɓa mutum-mutumi mai nauyin kusan kilo 54 a kafaɗa a hau bene da shi a sauko, da matsa na'urar auna ƙarfin damƙa, da tsalle mai nisa daga tsaye, da ratayewa a jikin ƙarfe da lanƙwasassun hannuwa, da haura katanga, da tafiya a kan siririn gefen gini, da gudun mil ɗaya. Mata kusan 90 suka je. Babu ko ɗaya da ta tsallake. A cikin maza, kusan rabi suka ci.

Ɗaya daga cikin matan ita ce Brenda Berkman, haifaffiyar 1951, wadda ta tashi a jihar Minnesota, kuma a lokacin tana shekarar ƙarshe ta karatun lauya a Jami'ar New York. Ta yi atisaye sosai kafin gwajin, kuma ta fito da yaƙinin cewa abin da aka gwada su da shi ba shi ne aikin kashe gobara ba. Ta kai maganar ga Laura Sager, malama a jami'ar mai kula da shari'o'in haƙƙin mata. A 1979 suka shigar da ƙarar birnin a kotun tarayya da ke Brooklyn, a madadin duk matan da suka nemi aikin. Sunan Berkman kaɗai ne a kan takardar ƙarar, don haka ita ce ta zama abin nuni.

Masu adawa suka ce lauya ce mai neman suna, ko an ba ta aikin ba za ta yi ba. Sai ta yi rantsuwa a gaban kotu cewa idan ta yi nasara za ta ajiye aikin lauya ta zama 'yar kwana-kwana.

Abin da kotu ta duba

Hujjar maza masu adawa tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ɗan kwana-kwana yana shiga ɗaki mai duhun hayaƙi ɗauke da riga mai kauri, hular kwano, tukunyar iska a baya, gatari ko ƙugiya a hannu, nauyin da ke haura kilo 25. Idan rufi ya faɗo masa, na kusa da shi ne zai fitar da shi. Duk wanda ransa yake hannun abokin aiki yana da haƙƙin ya tambaya ko abokin zai iya.

Alƙali Charles Sifton ya ɗauki tambayar da muhimmanci, ya kuma bi ta har tushe: mene ne ainihin abin da ake yi a wurin gobara, kuma shin gwajin yana auna shi? Shaidu suka yi bayani. Hayaƙi da zafi sama suke taruwa, saboda haka mai ceto yakan sunkuya ko ya rarrafa, ya ja wanda ya suma a ƙasa. Saɓa mutum a kafaɗa a miƙe tsaye da shi cikin hayaƙi hatsari ne ga mai ɗauka da wanda aka ɗauka. Haka kuma aikin gobara yakan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma wanda ya zuba duk ƙarfinsa a mintin farko zai ƙarar da iskar tukunyarsa ya zama kaya ga sauran. Abin da aka fi buƙata shi ne juriya da iya tattalin ƙarfi. Hausawa na cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Gwajin 1978 kuwa ya fi karkata ga sauri na ɗan lokaci da ƙarfin damtse.

A watan Maris na 1982 alƙalin ya yanke hukunci cewa gwajin ya saɓa wa doka, domin birnin ya kasa nuna cewa yana da alaƙa ta gaskiya da aikin. Ya ba da umarni a tsara sabon gwaji, a kuma keɓe gurabe har 45 ga matan da suka nema tun 1977, idan sun ci shi. Hukuncin bai ce a ɗauki kowace mace ba tare da gwaji ba. Waɗanda suka tsallake sabon gwajin su ne suka shiga makaranta a watan Satumba. Birnin da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan kwana-kwana suka ɗaukaka ƙara, kotun gaba ta tabbatar da hukuncin a 1983. Berkman ta cika rantsuwarta.

Zaman tasha

Wanda bai san yadda tashar kwana-kwana take ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya biyo baya. Tashar gida ce. Ma'aikata suna yin awa 9 da rana ko awa 15 da dare, sau da yawa su haɗa biyun su yi awa 24. A nan suke kwana, a ɗaki ɗaya. Suna haɗa kuɗin cefane, su dafa, su ci a teburi ɗaya. Makaranta tana koyar da tushe ne kawai. Ainihin sana'ar a tasha ake koyonta, daga bakin tsofaffin hannu: yadda ake karanta launin hayaƙi, yadda ake ɓalle ƙofa, lokacin da ake fasa rufi don zafi ya fita, irin ginin da ke saurin ruftawa. Sabon shiga da aka ƙi yi wa magana an hana shi ilmin da zai tsare ransa.

An rarraba matan, yawanci mace ɗaya a tasha ɗaya, tsakanin maza da dama waɗanda ƙungiyarsu ta yaƙi zuwanta a kotu. Wasu sun dace da shugabanni masu adalci, aka koya musu aiki. Wasu kuwa sun ga tasku. Matan sun ba da labarin yadda aka cire su daga cin abinci tare, aka daina kula su, aka liƙa hotunan batsa a inda suke ajiye kaya, aka ɓata musu kayan aiki. Berkman ta sha bayyana cewa an yi mata barazanar kisa ta waya, kuma an taɓa zuƙe iskar tukunyarta. Tashoshin ba su da banɗakin mata ko wurin canza kaya. Riguna da takalma da safar hannu duk da awon maza aka yi su, kuma safar da ta yi wa hannu yawa tana hana riƙe kayan aiki da kyau. Ganin kowace tana fama ita kaɗai, a 1982 suka kafa ƙungiyar haɗin kan mata 'yan kwana-kwana ta birnin, Berkman ta zama shugabarta ta farko.

A watan Satumba na 1983, da shekarar gwajin sababbin ma'aikata ta ƙare, hukumar ta sallami Berkman da wata abokiyar aikinta, Zaida Gonzalez, bisa zargin gazawa. Su biyun su ne suka fi fitowa fili. Suka koma gaban Alƙali Sifton. A watan Disamba ya ba da umarni a mayar da su, bayan ya gano cewa an tsangwame su saboda jinsinsu, kuma da gangan aka nuna musu bambanci. Wannan hukunci ya tsare musu aikinsu. Sai dai babu alƙalin da zai iya umartar mutum ya gaisa da abokin aikinsa, ko ya matsa masa a teburin abinci.

Shekarun ƙaranci

An yi tsammanin matan 1982 za su zama farkon ayari. Hakan bai faru ba. Jarrabawar da ta biyo baya ta fi kama da aikin, amma ana jera masu nema ne bisa maki, sauri kuma yana ƙara maki. Da yake masu nema dubbai ne, guraben kuma kaɗan, bambancin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tura mutum can ƙasan jerin da ba za a taɓa kaiwa gare shi ba. Matan suka sake zuwa kotu, amma a 1987 kotun ɗaukaka ƙara ba ta ba su abin da suka nema ba. Ga kuma labarin wahalar da na farko suka sha ya bazu a gari, 'yan mata da yawa suka ga babu dalilin jefa kai cikinta. Cikin shekarun da suka biyo baya matan da aka ɗauka 'yan ƙalilan ne, na farko kuma suka fara ritaya. Zuwa 2001 ba su kai 30 ba a cikin ma'aikata sama da 11,000.

Waɗanda suka jure sun yi gaba. Rochelle Jones, 'yar ajin 1982, ta zama mace ta farko kyaftin a hukumar a 1999, sannan shugabar bataliya a 2003. Berkman ta zama laftanar, kuma a 1996 aka zaɓe ta cikin shirin horon shugabanci na Fadar White House. Sababbi ma sun ɗan shigo. Regina Wilson, baƙar fata, ta fara aiki a 1999 a wata tasha a Brooklyn.

Ranar 11 ga Satumba 2001

Da jirage suka daki tagwayen benaye na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, hukumar ta rasa 'yan kwana-kwana 343 a safiya ɗaya, asarar da ba ta taɓa yin irinta ba. Matan hukumar suna wurin. Berkman tana hutu a gida, ta fito ta nufi wurin, ta kuma shafe watanni cikin masu tonon ɓaraguzai. Regina Wilson ta je da motar tasharta, ta tsira, abokan aikinta da dama ba su dawo ba. Babu mace 'yar kwana-kwana a cikin 343 ɗin, amma mata uku masu aikin ceto sun rasu a ranar: Moira Smith ta 'yan sandan birnin, Kyaftin Kathy Mazza ta 'yan sandan hukumar tashoshin jiragen ruwa da na sama, da Yamel Merino, ma'aikaciyar motar ɗaukar marasa lafiya.

A jawabai da hotunan da suka biyo baya, maza kawai aka fi ambata. Wannan ya yi wa matan ciwo, domin su ma sun binne 'yan uwansu na aiki, sun shaƙi ƙurar da kowa ya shaƙa. Berkman ta shiga yawo tana ba da labarinsu, don kada yarinyar da ke tasowa ta ɗauka babu mace a wurin. A 2006 aka nuna wani fim na tarihi kan matan farko a gidan talabijin na PBS, kuma a wannan shekara ta yi ritaya da muƙamin kyaftin.

Abin da ya sa adadin ya motsa

Canjin da ya zo daga baya ya zo ne ta hanyoyi da yawa a lokaci guda. A ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan kwana-kwana ta Amurka da Kanada tare da ƙungiyar shugabannin hukumomin suka tsara gwajin ƙarfi na bai-ɗaya, wanda New York ma ta rungume shi daga baya. Mai nema yana sanye da riga mai nauyin kusan kilo 23, ya bi matakai 8 a jere: hawan bene da ƙarin nauyi a kafaɗa, jan mesa, ɗaukar kayan aiki, ɗaga tsani, ɓalle ƙofa da guduma, rarrafe cikin duhu, jan mutum-mutumi mai kusan kilo 75 a ƙasa, da fasa rufi da ƙugiya. Dole a gama cikin minti 10 da daƙiƙa 20. Ko ka ci ko ka faɗi, kuma ma'auni ɗaya ne ga namiji da mace. Kowane mataki yana da takwaransa a wurin gobara, wanda shi ne abin da Berkman ta nema tun 1979.

Sai kuma shari'ar launin fata. A 2007 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai birnin ƙara kan rubutattun jarrabawoyin da suke zubar da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, ƙungiyar Vulcan ta shiga ƙarar. Alƙali Nicholas Garaufis ya yanke hukunci a kan birnin a 2009, kuma a 2014 aka sasanta kan dala miliyan 98. Kotu ta sa ido kan yadda ake ɗaukar ma'aikata, hukumar ta fara shiga unguwanni da makarantu tana neman waɗanda ba su da uba ko kawu a aikin. Mata sun amfana da wannan. Wata hanyar ta buɗe tun 1996, lokacin da aka haɗe sashen motocin ɗaukar marasa lafiya da hukumar. Mata suna da yawa a wannan sashe, kuma ma'aikatansa suna iya rubuta jarrabawar ƙarin girma su koma kashe gobara.

Matan da ke ciki su ma ba su zauna jira ba. Ƙungiyarsu ta buɗe atisaye kyauta ga duk macen da ke shirin gwaji, ana hawan bene da riga mai nauyi, ana koya musu dabarar amfani da ƙafafu da nauyin jiki wajen ja da ɗagawa. Abin da ɗan gado yake samu a gida daga mahaifinsa, su suka zama masu ba da shi. Sarinya Srisakul, wadda ta shiga a 2005 a matsayin mace ta farko 'yar asalin Asiya, ta shugabanci ƙungiyar, ta matsa lamba kan banɗakuna, domin har bayan shekara 30 da shigar mata akwai tashoshin da ba su da na mata. A 2015 Regina Wilson ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar Vulcan.

Sai da aka haura shekara 30 kafin yawan mata a hukumar ya wuce 41 ɗin farko. Zuwa ƙarshen shekarun 2010 suka haura 100, wato kusan kashi 1 cikin 100. A watan Oktoba na 2022 magajin gari Eric Adams ya naɗa Laura Kavanagh kwamishinar hukumar, mace ta farko a wannan kujera. Ta fito ne daga ɓangaren mulki, ba ta yi aikin kashe gobara ba, kuma ta sauka a 2024.

Inda aka tsaya

Idan aka duba ƙasar baki ɗaya, ƙididdigar ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta 2020 ta nuna mata su ne kusan kashi 9 cikin 100 na 'yan kwana-kwana: kashi 11 a cikin 'yan sa-kai, kashi 5 a cikin masu albashi. Inda babu albashi mata sun fi samun wuri. Birnin San Francisco, wanda bai ɗauki mace ba sai a 1987, ya kai kusan kashi 15 cikin 100, kuma mace, Joanne Hayes-White, ta shugabanci hukumarsa daga 2004 zuwa 2019. Wuta ɗaya ce a biranen biyu, nauyin mesa ɗaya ne. Bambancin yana ga yadda kowace hukuma take nema, take horarwa, take kuma riƙe waɗanda ta ɗauka.

Har yau akwai masu cewa an sassauta gwaji saboda mata. Tarihin da aka bi ya nuna cewa abin da aka nema tun farko shi ne gwajin da ya dace da aikin, a yi wa kowa shi daidai. Ba kowace mace ce za ta iya aikin ba, kamar yadda fiye da rabin mazan da suka gwada a 1978 ba su iya ba. Wadda ta iya kuwa tana da haƙƙin a ɗauke ta, a koya mata, a ba ta kayan da suka yi mata daidai, a zauna da ita lafiya. Kotu ta tabbatar da haƙƙin farko a 1982. Sauran ukun suna hannun shugabanni da abokan aiki, kuma jinkirin da suka yi wajen bayar da su shi ne dalilin da ya sa, shekara 40 bayan hukuncin, kusan mace ɗaya ce kawai a cikin kowaɗanne 'yan kwana-kwana 100 na birnin New York.